Bargon da Aka Manta a Gaban Lagireto

Allurar zafin inji ta sake haurawa. Dashzebeg ya murɗe hita har ƙarshe, iska mai ƙuna ta buso musu a fuska.

"Dafa ni za ka yi kafin mu isa?" in ji matarsa Yanjma, tana fifita da hannun rigarta ta siliki.

"Zafin inji nake janyewa. Sauke gilashi."

"Gilashin da ya maƙale tun bara?"

Ya mayar da ido kan allura. Tun asuba suka baro makiyaya, kilomita ɗari biyu da wani abu, allurar nan ba ta motsa daga tsakiya ba. Sai da suka shigo Ulanbator ta yamma, suka faɗa cunkoso, sannan ta fara hawa. Yau ake yi wa jikarsu askin fari. Lama, malamin addininsu, ya duba littafinsa ya ce almakashi ya taɓa gashin kafin ƙarfe ɗaya, kuma hannun farko ya zama na wanda aka haifa a shekarar doki, a lissafinsu na shekarun dabbobi. Duk dangi, ciki da waje, Dashzebeg kaɗai ne doki. In yau ta wuce, sai lokacin kaka, ga tunkiya an riga an yanka, ga baƙi cike da gida.

Sha biyu saura kwata allura ta taɓa jan layi. Ya lallaɓa ya hau gefen titi, ya kashe mota, ya ɗaga bonet.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan tirelar gawayi zuwa iyakar ƙasa, bai taɓa kiran bakanike a hanya ba. Ya duba robar ruwa, cike take. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ko ɗigo babu. Ya zaro sandar baƙin mai ya goga a yatsa, baƙi ne wuluk, bai gauraya da ruwa ba, gasket ɗin kan inji lafiya ke nan. Ya taɓa tiyon sama, ya taɓa na ƙasa, duka da zafi, ruwa na zagayawa.

"Fanka ce," ya ce. "Motar da ke lafiya a guje ta yi zafi a tsaye, fanka ce. Wannan bakaniken na mijin 'yarki ne ya taɓa min waya. Na faɗa masa kada ya sa hannu."

Wayar Yanjma ta yi ƙara. Uyanga ce, 'yarsu, muryarta har waje.

"Mama, kuna ina? Surukata ta fara cewa a kira lama a tambaya ko kawun maigida zai iya."

"Shi shekarar me?"

"Ɓera."

Dashzebeg ya ɗago kai daga cikin inji. "Ce mata ɓera ba zai taɓa kan jikata ba. Yanjma, tayar da motar."

Ta miƙa hannu ta murɗa makulli. Ba a yi minti ba fanka ta kama juyi da ƙarfinta, har tana kaɗa masa gefen riga. Ya tsaya yana kallonta kamar ta zage shi.

Wata bas da ke rarrafe ta zo daidai su. Direban ya leƙo, sigari a baki. "Baba, a mayar da ita makiyaya ta ci ciyawa mana. Birni ba na tsofaffi ba ne."

"Lokacin da nake tuƙi ubanka bai iya ɗaure wando ba."

"To ga shi dai ni ina tafiya."

"Haka kake kiran wannan?"

Fasinjoji suka yi dariya, bas ta matsa taku uku ta tsaya.

Ya zagayo gaban motar yana sosa ƙeya. Ruwa akwai, fanka na juyi, to me ya rage? Ya ciro hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a jikin ragar gaba, ya saki. Da fanka na jan iska ta nan, da ya manne. Hankicin ya sulale ƙasa.

Ya cusa hannu ta bayan ragar har gwiwar hannu. Yatsunsa suka taɓa abu mai laushi. Ya jawo: guntun bargon gashin tumaki, irin na rufin tanti, ya sha ƙura da maiƙo. Kowane direba a ƙasar yana toshe gaban lagireto da hunturu don kada inji ya daskare. Na waje ya cire tun watan jiya. Wannan na biyu ne, wanda ya ƙara a makon da sanyi ya kashe musu 'yan maruƙa. A fili, iskar gudu da sanyin safiya sun rufa masa asiri.

Ya yi niyyar cusa shi ƙarƙashin mota da ƙafa. Yanjma na kallo ta gilashi.

"Bakaniken ne ya sa?"

"Allura fa?"

"Tana sauka. Na ce bakaniken ne ya sa?"

Ya rufe bonet, ya shiga, ya kutsa cikin layi. Allura ta dawo tsakiya ta zauna. Layin ma ya zauna. Sha biyu da minti ashirin. Da ashirin da biyar, tsawon mota ɗaya kawai suka matsa. Gidan Uyanga na bayan gada, tafiyar minti ashirin ga mai ƙafa lafiya, shi kuwa gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya.

Yanjma kan kora garke da babur, takan ja tarakta lokacin yankan ciyawa, amma sitiyarin motar nan bai taɓa bari ta riƙe ba. Ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa.

"Matso nan. Kuloci na kamawa a sama. Kada ki bi ta..."

"Tafi, tsoho."

Ya tafi, yana ɗingishi tsakanin motoci. Ya ji ƙarar giya a bayansa, bai waiwaya ba. Kan gada iska ta cika masa ido da ƙasa. Yana saukowa, ɗan sandan mahaɗa ya saki hannun yamma, motoci suka fara wuce shi fuu.

Ɗaya saura minti bakwai ya iso, numfashi na fita da ƙyar. Motarsa na ƙofar gini, a daidaice tsakanin layi biyu. A hawa na huɗu ya tarar da Yanjma zaune a kujerar manya, da kofin shayin madara a hannu.

"Kin wuce ni."

"Na yi maka hon. Wurin ba a tsayawa."

Uyanga ta miƙo almakashi ɗaure da shuɗin kyalle, ta ga hannuwansa, ta juya neman sabulu.

"Bari," in ji surukar, idonta kan agogon bango. "A wanke kan yarinyar daga baya."

Aka tsayar da jikar a gabansa, gashinta har kafaɗa. Ta dube shi, ta toshe hanci.

"Kaka, kana warin mota."

"Tsaya cik," ya ce, ya kamo silin farko.