Ramuka Bakwai a Katangar Baya

Tun ranar da Manaja ya turo masu fenti, tsohon magini ya daina amsa gaisuwarsa. Manaja babban ɗansa ne, kuma shi ke riƙe da takardun gidan, don shekarar da tsohon ya yi doguwar jinya har aka fara fid da rai, ya sa hannu ya mayar da komai da sunan ɗan. Sai ga shi ya warke ras. Takardu kuwa ba su dawo ba.

Yanzu Manaja ya samu mai saye. Ya ce gidan ya yi wa mutum ɗaya yawa, ya ce ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, kusa da garejin mota. Sharaɗi guda mai sayen ya kafa: zai turo injiniya ta duba ginin ranar Laraba, in ta ga matsala, ciniki ya watse.

Gidan nan tsohon ya gina shi da hannunsa, bulo bayan bulo, a cikinsa matarsa ta rasu, kuma ba ya son barinsa ko da na kwana ɗaya ne. Haka ya zauna a kujerarsa ta roba a tsakar gida yana kallon yadda ake yi wa aikinsa kwalliya irin ta 'yan kasuwa. Aka canza kan famfo, aka liƙe silin ɗin falo inda ya ɗan yi ciki, aka kwashe tsofaffin katakansa aka watsar a bola ba a ko tambaye shi ba.

"Wannan fentin ruwa ne zalla," ya ce da masu fenti. "Ko akuya ta goga jiki sai ya bi ta."

"Baba, don Allah ka bar mutane su yi aikinsu," in ji Manaja, ko ɗago kai daga waya bai yi ba.

"Ni za ka koya wa aiki? Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa sai ka haɗa da yatsa?"

Bayan gidan tudu ne, don haka katangar baya ita ke tare ƙasar tudun. A gindinta akwai ramuka bakwai a jere, kowanne da guntun bututu a ciki. Manaja ya tsaya a kansu ya yatsina fuska. Ya ce sun yi kama da gidan ɓera, injiniya na gani za ta ce katanga ta ɓule. Nan take ya sa aka kwaɓa siminti aka toshe su, aka shafe da filasta, aka bi da farin fenti.

Tsohon na kallo. Bakinsa har ya buɗe, sai ya ja shi ya tsuke. Ta ramukan nan ruwan tudu ke fita, kuma damina ce tsaka. Ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san yunwar cikinsa, wani mugun daɗi ya kama shi. Bari sakaran ya rusa cinikinsa da hannunsa.

Aka kwana uku ana tafka ruwa. Ranar Laraba da hantsi injiniya ta iso, mace mai ƙarancin magana, da ƙaramar guduma da allon rubutu. Ta ƙwanƙwasa tayil, ta leƙa cikin silin da tocila, ta buɗe kowane famfo ta rufe. Manaja na biye da ita cikin sabon takalmi yana ta zuba kamar an kunna rediyo. Ba ta sami abin rubutawa ba sai da suka zagaya baya.

Katangar ta jiƙe sharkaf tun daga ƙasa har ƙugun mutum. Sabon fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Ta dafa, ta dubi tafin hannunta, ta girgiza kai.

"Ruwa ne ya taru a bayanta ba shi da mafita. Wata rana za ta kwanto a kan mutanen gida. Ba zan ce wa kowa ya sayi wannan ba."

Tsohon, da ya lallaɓo ya jingina da ƙofar kicin, ya ji sanyi har cikin ransa. Shi ke nan, ya tsira da gidansa. Abin da ya rage masa kawai ya ci gaba da yin shiru.

"Wa ya gina ta ne?" ta tambaya tana rubutu. "Katangar tare ƙasa ba ramin fitar ruwa ko ɗaya? Ko ɗan koyo ba zai yi haka ba."

Manaja ya yi 'yar dariyar yaƙe. Ya saci kallon mahaifinsa, ya kau da kai.

"Kin san tsofaffin maginan nan, da ka suke aiki. Ba karatu."

Shekara arba'in da biyu tsohon ya yi yana gini, ba a taɓa rushe masa layin bulo ɗaya an sake ba. Yau ga wata baƙuwa tana rubuta shi ɗan koyo a takarda, ga ɗan cikinsa yana mara mata baya. Bai san lokacin da ya shiga ɗaki ya janyo gudumarsa da ƙarfe mai tsini daga ƙarƙashin gado ba.

"Matsa," ya ce da ɗan.

"Baba, me kuma za ka..."

"Na ce matsa, marar kunya!"

Ko aunawa bai yi ba. Ya durƙusa, ya kafa ƙarfen a tsakiyar farin fentin, bugu uku simintin ya faɗa. Jan ruwa ya yi tsartuwa ya wanke wa Manaja takalmi da ƙafar wando.

"Bakwai ne," ya ce da injiniya yana haki. "Taku biyu biyu tsakaninsu, da tsakuwa a bayan kowanne. Ni na gina. Wancan ne ya toshe su ranar Asabar don ya burge ki."

Ta tsuguna ta haska ramin, ta daɗe tana kallo. Da ta miƙe sai ta ja layi a kan abin da ta rubuta.

"Ka yi haƙuri, Baba, na yi saurin baki. Aikin nan ba na wasa ba ne. A buɗe sauran, cikin sati biyu za ta bushe. Gidan nan lafiyarsa ƙalau."

Sai a sannan tsohon ya gane abin da ya yi wa kansa. Manaja kuwa har ya manta da takalmi, baki har kunne.

"Kai, Baba! Wallahi ka fitar da mu."

"Kada ka ƙara kirana Baba a gidan nan."

"To ai saura kwana nawa ne," in ji Manaja, ya juya yana latsa lambar mai saye.

Tsohon ya ji shi a ƙofar gida yana cewa ƙarshen wata za a kawo makullai. Hawaye ya cika masa ido, na takaici, bai kuma damu ya share ba. Ya ja gwiwarsa cikin taɓo taku biyu zuwa hagu, ya kafa ƙarfen a kan rami na biyu.