Huzamar Ƙofar Itto

Laifin huzamar ne, shukar nan mai ƙamshi, in ji Mimun ɗan tsohuwa Itto. Shekara da shekaru ba wanda ya sa mata lauje, ta yi girma ta baje har ta cinye rabin hanyar ƙofar Itto. Ƙasanta duk tsohon icce ne murɗaɗɗe, sai can sama ɗan kore da ragowar shuɗin fure. A kan wani reshenta tsohuwar ta yi tuntuɓe ta fasa goshi. Ƙauyenmu kuwa ko tari ka yi sai an ji a birnin Meknes inda Mimun ke zaune, saboda haka ranar Asabar sai ga shi da mota, ya zo ɗaukarta.

Ni maƙwabciyarta ce, katangar da ta raba mu ba ta wuce ƙugu ba. Ban yi laɓe ba, shanya nake yi.

"Inna, haɗa kayanki," ya ce. "Wadda ta kasa gyara shukar ƙofarta, ta yaya za ta zauna ita kaɗai? Ga sanyi na tafe."

"In na gyara fa?"

Ya yi dariya. "In kin gyara da hannunki, wallahi na bar ki."

Baki dai shi ke yanka wuya. Itto ta juyo wajena. "Tuda, tunda kunnenki na nan, miƙo min laujenki."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta damƙi reshe, ta buɗa shi da yatsa, ta nemi inda kore ya ƙare, ta yanka sama da wurin kaɗan. Laujen bai taɓa sauka kan tsohon iccen ba. Ƙudan zuma suka yi mata caa a kai, ko korarsu ba ta yi ba. Ƙamshi ya cika gidajen biyu kamar an buɗe akwatin amarya. Da na ga gumi na gangarowa kan raunin goshinta, tausayi ya kama ni, na ɗaga ƙafa zan tsallako.

"Ki taɓa ko ganye ɗaya, na daina gaishe ki," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Mimun na ƙarƙashin ɓaure da shayinsa. "Inna, ki huta mana. A Meknes akwai tukunyar fure a baranda, na ba ki ita kyauta."

"Kai wa matarka. Ita ce ke son abin da ba ya girma."

Ana kiran azahar ta ajiye lauje. Hanya ta buɗe fes, amma ɗaya ɓarin yana nan buzu-buzu kamar kan mahaukaci.

"Shi ke nan?" Mimun ya miƙe ya ɗauko gatari. "Ai ko rabi ba ki yi ba. Kauce in sare ta daga gindi, ta sake tohowa."

"Ajiye! Wa ya ce maka zaitun ce? Huzama ba ta tohowa daga tsohon icce, ka sare ta ka kashe ta. A hankali ake rage ta. Bana wannan ɓarin, baɗi wancan, baɗin baɗaɗa in daidaita mata kai."

"Baɗin baɗaɗa? Inna, kin san shekarunki kuwa?"

"Kai ka ba ni aikin, har da rantsuwa. Ban gama ba, kuma ban taɓa tafiya na bar aiki a rabi ba."

Ya kalle ni yana neman agaji. Na ce, "Gaskiyarta ce, ɗan nan. Tambayi kowa a garin nan." Shi ma ya ba ni tausayi, don ba mugunta ta kawo shi ba, tsoro ne. Ya daɗe tsaye da gatarin a hannu, sannan ya jingine shi, ya sumbaci kanta.

Bayan la'asar ya tada mota. Itto ta raka shi ƙofa, ta tsaya ƙyam tana ɗaga masa hannu, ɗayan hannun a bayanta ya damƙe ƙyaure har yatsun sun yi fari.

"Tuda," ta ce ƙasa-ƙasa, tana ta murmushi wajen hanya, "ƙafafun nan sun daina jin maganata. Zo ki riƙe ni. Amma ba yanzu ba, yana kallon madubi. Bari ya sha kwana."