Gafarar da Fulbert Ya Ƙi Karɓa

Da Sulaimanu ya hango Delphine ta shigo layin 'yan tasa, sai ya durƙusa a bayan tulin robobi kamar mai neman abin da ya faɗi. Ba abin alfahari ba ne ga dattijo mai furfura da jikoki, kuma gwiwarsa ta yi ta yi masa gori har yamma. Delphine ta tsaya a bakin shagon, ta dubi robobin, ta ce, "Alhaji, ga takalmanka nan a waje. Maƙwabcinka yana kira."

Delphine matar Fulbert ce, kuma katanga ɗaya ta raba gidansu da na Sulaimanu a unguwar Yelwa ta Garwa tun yaransu suna rarrafe. Fulbert mutumin Guider ne, ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar siminti ta Figil, sannan ya zama dattijo a cocinsu. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Likita ya ce a mayar da shi gida ya huta, kowa kuma a Garwa ya san irin hutun da ake nufi.

Ba mutuwar ce take korar Sulaimanu ba. Ya wanke gawa, ya shiga kabari ya karɓi gawa, ba baƙonsa ba ne. Abin da ya ishe shi shi ne yadda Fulbert ya ɗauki neman gafara. A sanin Sulaimanu, in mutum ya ji jikinsa ya yi nauyi, sai ya ce a yafe masa, a ce an yafe duniya da lahira, a shafa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka ya yi wa Fulbert tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti, ya sake yi washegari, har da ɗaga murya ko da kunne ne bai ji ba. Fulbert ya ce bai karɓa ba. Wai ba a yafe abin da ba a ji ba.

Hujjarsa a Littafinsu take. An ce wanda ya kawo baiko na hadaya gaban bagaden Allah, ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, to ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. An kuma ce masu bi su furta wa juna zunubansu. Saboda haka Fulbert ya rantse ba zai ci Jibin Ubangiji, abincin ibadar cocinsu, ba sai ya gama da kowa, ɗaya bayan ɗaya, kowane laifi da sunansa.

Unguwa ta ga sakamakon. Hindu mai ƙosai ta shiga da kunu a kwano tana hawaye, ta fito da kununta, bayan ta ji cewa shi ne ya taɓa yaɗa maganar wai da tsohon mai take suya. Roger tela, wanda suka yi shekaru suna waƙa tare a coci, ya shiga yana kiransa yaya, ya fito ya san wanda ya hana a zaɓe shi dattijo. Mutanen da suke zaune lafiya da Fulbert duk sun daina gaishe da gidan. Fasto Maurice kullum yakan zo a babur da ɗan akwatinsa na gurasa da ruwan inabi, ya koma da shi bai buɗe ba. Ya yi bayani har muryarsa ta dishe, cewa wanda ya furta wa Allah zunubinsa Allah mai aminci ne, zai gafarta, ba sai an tayar da layi guda ba. Fulbert ya saurare shi da ladabi, ya ce saura mutum ɗaya.

Mutum ɗayan nan shi ne ya fito daga bayan robobi yana kaɗe riga, ya bi Delphine.

Ɗakin yana warin man zafi. Fanka tana juyawa tana tura iska mai ɗumi daga wannan bango zuwa wancan. Fulbert ya rame har agogonsa ya gangaro zuwa gwiwar hannu. Ya sa Delphine ta fita ta ja ƙofa, kamar yadda yake yi da kowa.

"Baban Léon," in ji Sulaimanu tun kafin ya zauna, "na ce na yafe. Ko akuyata ka ci, na yafe. Ko kai ne ka sa bishiyar mangwarona ta bushe, na yafe. Ka ci abincin cocinku ka bar mutane su sarara."

"Zauna, voisin, maƙwabcina. Kana yafewa kamar mai korar ƙuda."

Sulaimanu ya zauna a bakin kujera, yadda zai ji daɗin tashi.

Fulbert ya tambaye shi ko ya tuna ranar Lahadin da Iyatu ta faɗi. Tambayar banza ce. Iyatu matar Sulaimanu ce ta fari, uwar manyan 'ya'yansa. Da tsohon ciki ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu bayan azahar, jini ya ɓalle. A lokacin duk layin mota ɗaya ce, tsohuwar akori-kurar Fulbert. Sulaimanu ya ruga ya buga ƙofar gidan, Delphine ta leƙo ta ce maigidan yana Figil. A amalanke aka tura Iyatu cikin rana, ba ta kai ƙofar asibiti da rai ba. Tun daga nan, duk sa'ad da maganar ta taso, Sulaimanu yakan ce ƙaddara ce, da maƙwabcinsa yana gida da wani zance ake yi.

"Ina gida," in ji Fulbert. "Ina bayan ƙofar nan. Daga coci na biya na sha giyar bilbil har ƙafata ba ta ɗaukata. Na ji kunya ka ga dattijon coci a haka, kai da ba ka sha. Ni na ce ta ce ba na nan. Ina jin muryarka."

Fanka ta yi ta juyawa. Sulaimanu ya dubi agogon nan da ya yi wa hannu yawa. Ya buɗe baki zai faɗi kalmar da ya yi kwanaki yana rabawa kyauta, sai ya tarar ba ta nan. Ya tashi, ya sa takalmi ɗaya daidai ɗaya a karkace, ya fita.

Bai koma shago ba. Ya yi la'asar a masallacin layi, kuma in za a faɗi gaskiya bai san abin da liman ya karanta ba. Haushi ne ya fi baƙin ciki yawa, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Mutum ya ba ka gafara cikakkiya, a naɗe, ba ka ko biya ba, ka ce sai an kwance an duba. To ga shi an kwance. Shekara da shekaru yana aika wa gidan nan naman layya, suna aiko masa da shinkafar Kirsimeti, ashe a kan wannan ake ta musayar kwanuka. Da Fulbert ya yi shiru, da ya mutu da maƙwabci mai kuka a kansa. Yanzu ya sauke kayansa ya ɗora wa wani, shi zai tafi da sauƙi, Sulaimanu ne zai zauna da tafin ƙafar Iyatu da yake leƙowa daga bakin amalanke, abin da ya yi zaton ya daɗe da binnewa.

Da safe Fasto Maurice ya same shi a ƙofar gida yana shan shayi. Bai yi masa wa'azi ba, da alama wa'azin ya ƙare masa. Ya ce kawai numfashin Fulbert ya canja, ba ya jin za a kai Lahadi, kuma mutumin har yanzu ya ƙi buɗe baki a ba shi Jibi. Ya ce shi ba zai ce wa Alhaji ya yafe ba, don ba shi aka yi wa ba. Sulaimanu ya ce da ma duk Kiristan Garwa haka suke mutuwa da an daɗe da tashi daga garin. Fasto ya ce a'a, wannan shi kaɗai ne, kuma ya ishi coci guda.

Sulaimanu ya shanye shayinsa, ya ɗauraye kofin da kansa, abin da bai saba yi ba, sannan ya zaga gidan Fulbert.

Wannan karon ya zauna sosai, har ya jingina. Ya ce wa Fulbert shi matsoraci ne, kuma mai son kansa, da can da yanzu. Ya ce masa Iyatu tana kiransa ƙanenta, takan ajiye masa ƙanzo don ta san yana so. Ya faɗi abubuwa da yawa da ba a faɗa wa mai jinya, Fulbert yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa abin da ya yi oda.

"Na ji abin da ka yi," in ji Sulaimanu. "Na yafe. Allah ya yafe mana. Kada ka sake kirana."

"Wannan na karɓa," in ji Fulbert.

Aka kira fasto. Sulaimanu ya fita tsakar gida ya tsaya a inuwar katanga, yana jin ƙarar buɗe ɗan akwatin da muryar Delphine tana jan waƙa a hankali. Fulbert ya cika washegari da hantsi.

Gidan Sulaimanu ne ya ba da tabarmi da bencuna na zaman makoki. Hindu ta aiko da ƙosai amma ba ta zo ba. Roger ya zo, ya yi waƙa, ya tafi bai ci komai ba. Da mutane suka watse, Sulaimanu ya shiga kwasar tabarminsa, ya tarar da Delphine zaune a kan turmi tana tsince shinkafar da ba wanda zai ci. Ya ga tunda an fara, gara a ƙarasa. Ya ce mata ita ma ya yafe mata nata kason, maganar ranar Iyatu, da ƙaryar Figil, da motar da aka hana.

Delphine ta ɗago. Ta ce ƙaryar kam ta yi ta, kuma ta gode. Sannan ta tambaya, "Wace mota, Alhaji?"

Ya ce akori-kurar.

Ta ajiye faifan a cinya, ta yi ɗan tunani. Sulaimanu yana tsaye da tabarma naɗe a hammata.

"Shi ya ce maka tana gida? Ai ranar tana wurin makanike a Djamboutou, an sauke injinta a ƙasa. Ba ta tashi ba sai bayan sadakar arba'in ɗin Iyatu."