Sifikun da Baba Ya Haɗa

Baba mai gyaran rediyo ne tun kafin a haife ni. Da kunne yake aiki: a kawo masa rediyo, ya saurari ƙararta kaɗan, ya faɗi abin da ya ƙone kafin ya kwance murfi. Bayan rasuwar Mama ya rufe shago ya koma gida, ni auta nake kula da shi.

Wata rana yayata da ke aure a nesa ta turo min wata murya da ta tsinta a tsohuwar wayarta. Mama ce a kicin, tana yi wa Baba tsiya wai ya fi son rediyo a kanta. Na kunna masa a kwamfutata. Ya karkata kai, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba uwarku ba ce, Auta. Sauro ne a cikin gwangwani. Sifikar kwamfutar nan ba ta da kirki."

Washegari ya jawo manyan sifikunsa na katako daga ƙarƙashin gado, ya goge su, ya fito da na'urar ƙara sauti. Ya aike ni na sayo katin sauti, ɗan ƙaramin abu da ake soka wa kwamfuta a gefe don sauti ya fita tas. Rabon da in ga Baba da walwala haka har na manta. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya fere waya, ya liƙe ta da dalma, yana ta yi min iyayi.

"Koren rami za ki sa, ba jan ba. Ja na makirufo ne. Duk karatun nan naki, rami biyu sun gagare ki?"

Na yi dariya, na sa. Ya ɗaure sauran wayoyin a bayan sifikun, ya ce in kunna.

Sai ga Mama ta cika falo. Har ƙarar cokali a bakin tukunya na ji, da ɗan numfashin da take ja kafin ta yi dariya. Na zauna a ƙasa.

Baba kuwa yana duƙe a bayan sifika yana taɓa waya.

"Har yanzu ƙasa-ƙasa take. Akwai inda bai kama ba."

Ya murɗa sauti. Gilashin taga ya fara rawa. Ya ƙara murɗawa.

"Baba, ya isa," na ce. Bai juyo ba.

Maƙwabciyarmu, aminiyar Mama, ta faɗo falon da gudu, hannunta duk kumfar wanki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana salati, hawaye na zuba. Baba ya ɗago ya dube ta, ya dube ni. A hankali ya ɗora tafin hannunsa a gaban sifikar. Ya daɗe a haka, katakon yana kaɗawa a ƙarƙashin yatsunsa.

"Har gidanki kika ji ta?" ya tambaye ta.

Ta gyaɗa kai.

Ya cire tabaransa, ya zauna a kujera. "To," ya ce, "aikina dai ya yi kyau."

Mun je asibiti a satin. Likita ya ce jijiyar kunnen ta daɗe tana mutuwa, Baba bakin mutane yake karantawa ba mu lura ba. Aka ba shi abin sawa a kunne. Ya ce ƙara kawai yake kawo masa, ba ya rarrabe murya.

Da muka dawo ya ce in sake kunnawa. Na matsa kusa da shi, ina maimaita masa duk abin da Mama ta faɗa, da ƙarfi, yana kallon bakina. Ban kai ƙarshe ba ya dafa hannuna.

"Bar shi, Auta. Maganar ai na san ta. Muryar nake nema."

Ya miƙa hannu ya kashe na'urar, ya ce in kira yayata in ce mata ya gode.