Kukan Tsuntsu a Bakin Igwa

Dokar sansanin sojan da ke bakin kogi guda ce, har jariri ya san ta: duk kwale-kwalen da ya gangaro daga daji sai ya tsaya a kwata, inda jirage ke sauke kaya, ya sauke kwagiri da kafur, ya ɗauki gishiri a rumfunan Sinawa. Wanda ya wuce bai tsaya ba, farautar kawunan mutane za shi, igwa ce maganinsa.

Ngelai ne mai igwar. Da hantsin nan, tun daga yadda ake buga filafilai ya gane jirgin ƙauyensu ne, ga yayansa Jimbun a gindin jirgin yana tuƙi. Suna dab da karkatowa sai wani ɗan tsuntsu ya yi kuka ta hagunsu. Shi ke nan! Jirgi ya miƙe tsakiyar kogi. A ƙabilarsu ta Iban wannan kuka ta hagu gargaɗi ne daga alloli, wa zai taka ƙasa bayansa?

"Cika igwar," in ji Saje Drahman, shugabansa.

"Ranka ya daɗe, tsuntsu ne ya hana su. Yayana ne a ciki."

"Tsuntsu! To tsuntsun ya zo ya tare musu harsashi. Suka wuce dutsen can, ka kunna, ko ni in kunna."

Ngelai ya juya ga igwar. Ya ɗura albarushi, jirgi kuwa sai matsar dutsen yake. Kukan tsuntsun da ke warware wancan gargaɗi guda ne, kuma sai ya fito ta dama. Sansanin ne ke damarsu.

Ya durƙusa bayan katakon ganuwa kamar mai gyaran igwa, ya haɗa tafukansa a baki, ya yi kukan. Yin ƙarya da muryar tsuntsu, manzon alloli!

Filafilai suka tsaya cak. Can sai Jimbun ya juya jirgi zuwa kwata.

Ngelai ya sauka da gudu, mutanen ƙauyensu na ta murna da sa'ar da tsuntsu ya kawo. Jimbun bai yi dariya ba. Ya ja shi bayan buhunan gishiri.

"Kai, ƙane, ni na koya maka kukan nan, har yau kana gaggawa a ƙarshensa."

"Yaya, igwar a cike take."

"Na hange ta, shi ya sa na juyo. Ba wanda zan faɗa wa." Ya saɓi buhu a kafaɗa. "Amma su alloli sun ji. Kada ka zo gida bikin shinkafa, Inna ta tsufa, ba za ta iya ɗaukar abin da zai biyo ka ba."