Yadda Ake Cire Tawada a Farar Riga

A zamanin da Don-Me ta shiga aikin jarida, mace a ofis abin kallo ce. Ranar da ta fara zuwa ma mai gadi ya tare ta yana tambaya wa ta kawo wa abinci. Sunan tun a makaranta ta samo shi, saboda ba a gama magana a gabanta ba tare da ta ce "don me?" ba.

Burinta guda ne: a buga ra'ayinta inda mutane za su karanta, cewa a sa 'ya'ya mata makaranta, a bar mata su jefa ƙuri'a. Edita ya saurare ta yana sakace, sannan ya ba ta tebur a bayan ƙofa da Filin Mata a shafin ƙarshe, ƙarƙashin tallan maganin tari.

"Wanki, shara, guga," in ji shi. "Ai abin da kuka sani ke nan."

Abin dariyar, Don-Me ba ta san ko ɗaya ba. Yarinyar da ta taɓa ɗora ruwan zafi ta zauna karatu har tukunya ta huje! Amma tana da ido, nan da nan ta gane yadda gidan ke tafiya. Edita sakin layin farko kawai yake karantawa ya sa hannu. Tsohon da ke jera haruffa kuwa, wanda ake kira Baba Almakashi, in wuri ya ƙare daga ƙasa yake datsewa. Ita kuma a ƙarshe take ajiye zancenta na gaske, don haka kullum kwandon shara ke karanta shi.

"Baba, don me kullum ƙasan kake yankewa?"

"Haka na tarar, 'yata. Sama na Edita ne, ƙasa nawa."

"Tsakiya fa?"

"Tsakiya ba ta da mai ita."

Shi ke nan, Don-Me ta tare a tsakiya. Sai ta fara da yadda ake korar kyankyasai, ta rufe da yadda ake goge madubi, a tsakani kuwa ta zazzage cikinta: don me macen da ke riƙe da gida sukutum za a ce ba ta da hankalin zaɓen kansila? Dabarun gidan kuwa duk daga kanta take ƙirƙiro su, tana rubutawa tana neman gafarar Allah. Kullum jarida ta fito gabanta na faɗuwa, don ta san ranar da Edita ya leƙa tsakiya, ranar za ta tattara komatsanta. Abin da ya fi cin ranta kuma, ba ta san ko akwai mai karantawa ba.

Wata safiya aka ce Edita na kira. Ta shiga, ta tarar da jaridar a buɗe kan Filin Mata. Kusa da ita ga wata riga shimfiɗe, kalar ƙasa, kamar an share kasuwa da ita.

"Kin san wannan?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Farar rigata ce! Ta zuwa taro! Ke kika rubuta wai a jiƙa farar riga a ruwan shayi mai kauri tawada ta fita?"

"Tawadar ba ta fita ba, ranka ya daɗe?"

"Wa zai gan ta yanzu? Matata ta bi maganarki tiryan-tiryan. Kuma ta ce in kika ƙara mako a filin nan, labule da zanin gado za ta gwada. Ke ba ki san komai na mata ba! Daga yau ki tafi zaman majalisar gari, ki sha surutun kansiloli, ki rubuto mana a shafi na biyu. Horonki ke nan."

Don-Me ta sunkuyar da kai don kada ya ga bakinta. Abin da ta daɗe tana roƙo yau shayi ya ba ta. Ta yi murna, amma murnar da ɗaci, domin ko yanzu mutumin bai karanta tsakiyar ba.

A matakala ta ci karo da wata dattijuwa riƙe da wata farar riga a goge, fes kamar ba hannu ya taɓa ta ba. Matar Edita ce, ta kawo masa rigar da zai canza. Don-Me ta rusuna.

"Mama, ki yafe mini. Wallahi ban san shayi zai..."

"Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake wanki. Kina tsammanin ban san abin da shayi ke yi wa farin yadi ba?"



"Mu tsakiya muke karantawa," in ji matar, ta rage murya. "Ni da maƙwabtana, har da masu sa a karanta musu. Jiya na kai autata makaranta. Je ki, kada kansiloli su fara ba ke."

Ta gyara riƙon rigar ta haye sama. A karon farko a rayuwarta Don-Me ta buɗe baki, tambayar ba ta fito ba, sai hawaye.