Kafaɗar Mai Aski

Tun da aka yi wa Mai Aski aiki a kafaɗarsa ta dama, bai gaya wa kowa gaskiya ba. Mutum ne da ya ɗauki ƙorafi a matsayin rashin tarbiyya. Duk ranar da ya je asibiti, likitar da ke koya masa motsa hannun za ta ce, "Baba, ya jikin?" Shi kuwa sai ya gyara hula da hagu ya ce, "Da sauƙi sosai, 'yata." Baiwar Allah ta yarda, ta rage masa magani, ta ƙara masa atisaye.

A gida fa, ko cokali ya ɗaga sai maƙwabta sun ji salatinsa. Atisayen ma ya watsar, don da ya fara bin bango da yatsu sai gumi ya karyo masa. Hannun ya soma ƙagewa, shago na rufe, kuma ya san in kafaɗar ta sandare a haka, shi da injin aski sai dai kallo. Tsoron nan ya fi ciwon cin ransa.

Matarsa ce ta gaji, ta bi shi asibiti ba tare da ya gayyace ta ba. Likita na tambaya, yana buɗe baki, ta riga shi.

"Likita, ƙarya zai yi. Bari in nuna miki."

Ta dafe kafaɗa, ta murguɗe fuska, ta saki muryarsa sak: "Wayyo Allah na! Ke, zo ki cire min rigar nan, zan mutu!" Har ɗan nishin da yake ƙarewa da shi ba ta bari ba. Mai Aski ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Haba, a gaban mutane?"

"Ai a gabana kake yi, Maigida. Ni ba mutum ba ce?"

Likitar ta sha fama kafin ta haɗiye dariya. "Baba, ni ba gaisuwa nake yi ba. Abin da ka faɗa da shi nake aiki." Ta sake masa tsari: magani kafin atisaye, tawul mai ɗumi a kafaɗa, motsi kaɗan-kaɗan. In ciwon ya kai ba ya iya magana, ya tsaya ya huta. In ya ƙi sauka, ya kira ta, kada ya yi ta maza.

Ciwon bai tafi duka ba, da ma ta ce ba lallai ya tafi ba. Amma hannun ya tashi. Ya buɗe shago, ya rage tsayin kujera, yana hutawa tsakanin kai da kai.

Sai dai an gyara nan an ɓata can. Yanzu duk wanda tsautsayi ya sa ya ce masa "ya jiki," sai ya ji labari tun daga ɗakin tiyata. Ga ƙyalle ɗaure a wuya, ga rabin kai a aske, ba damar gudu. Har matar an ji tana cewa da ta sani.

Wata rana wani tsohon direba ya zauna ya sha labarin kaf, bai ko motsa ba. Can ya ce a hankali, idonsa a kan madubi, "Ni nawa a baya yake. Shekara da shekaru, ko matata ba ta sani ba."

Mai Aski ya kashe injin, ya dube shi.

"Ta sani," ya ce. "Ka tafi da ita asibiti gobe, kafin ita ta tafi da kai."